Yadda na shiga kallon wasan ƙarshe na Kofin Girka tsakanin Panathinaikos da PAOK

A ƙasar Girka, wanda ya yi niyyar kallon wasan ƙarshe na kofin ƙasa a cikin fili ba kuɗin tikiti ne abu na farko da zai tanada ba. Abu na farko shi ne ya tsayar da ɓangaren da zai zauna, domin ba a sayar wa jama'a kujerar ɗan ba-ruwanmu. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, wadda ake kira EPO, tana raba tikitoci tsakanin ƙungiyoyin biyu da suka kai wasan ƙarshe, kowace ta sayar wa mutanenta, sauran kujerun kuwa ko dai na manyan baƙi ne da 'yan jarida, ko kuma an bar su wayam da gangan domin su zama shinge tsakanin jama'ar biyu. Na bi wannan hanya tun daga farkonta har ƙarshenta a watan Mayun 2022, lokacin da Panathinaikos ta birnin Atina ta haɗu da PAOK ta birnin Tasalonika, kuma abin da na gani a hanyar shiga filin ya koya mini halin ƙwallon ƙasar fiye da abin da na gani a cikin minti 90 na wasan.

Ina zaune a unguwar Kato Patisia ta Atina, inda baƙi 'yan Afirka suke da yawa, kuma ina aiki tare da wani dattijo Bagirke wanda ya gaji son Panathinaikos daga mahaifinsa. Yana yaro ɗan firamare a 1971 lokacin da ƙungiyar, ƙarƙashin horarwar Ferenc Puskás, ta kai wasan ƙarshe na Kofin Turai a Wembley, Ajax ta doke ta da ci 2 da nema, kuma har yau babu wata ƙungiyar Girka da ta sake kaiwa wasan ƙarshe na wannan babbar gasa. Shi ne ya fara kai ni tsohon filinsu da ke kan titin Alexandras a unguwar Ambelokipi, shi ne kuma ya sa na fara bin wasanninsu har zuciyata ta karkata gare su. Da ƙungiyar ta fitar da Lamia a wasan kusa da na ƙarshe, PAOK kuma ta fitar da Olympiacos ta birnin Piraeus, sai ya ce mini: "Ɗana, idan kana son ganin wannan wasa, ka fara shirya takardunka tun yau, domin ranar da za a buɗe sayar da tikiti babu wanda zai tsaya jiranka."

Ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa wasan na wannan shekara ya yi nauyi haka. Rabon da a bar magoya bayan ɓangarori biyu su shiga wasan ƙarshe tun 2018. A 2019 an buga shi ne a gaban 'yan tsirarun mutanen da aka gayyata, saboda tsoron rikici, ranar da Chuba Akpom, haifaffen Landan ɗan asalin Najeriya, ya ci wa PAOK ƙwallo ɗaya tilo da ta doke AEK ta Atina da ita. A 2020 da 2021 annobar korona ce ta rufe filaye. Sai a farkon Mayun 2022 gwamnati ta ɗage sharaɗin nuna takardar rigakafi da taƙaita yawan masu shiga, saboda haka wannan ne karo na farko cikin shekara huɗu da za a ga kofin ana ɗaga shi a gaban jama'a. Ga Panathinaikos kuma akwai ƙishirwa ta daban, domin rabonta da kowane irin kofi tun 2014, lokacin da ta doke wannan PAOK ɗin da ci 4 da 1, Marcus Berg ɗan Sweden ya zura uku shi kaɗai. PAOK kuwa ita ce ke riƙe da kofin, ta kuma ci shi sau huɗu cikin shekara biyar da suka gabata.

Akwai wani nauyin da ya fi wannan. A daren 1 ga Fabrairun 2022, wasu gungun matasa suka tare wani yaro ɗan shekara 19 a Tasalonika, suka tambaye shi ƙungiyar da yake goyon baya, da suka ji cewa Aris ce, abokiyar gabar PAOK a cikin birni ɗaya, suka yi masa dukan da ya zama ajalinsa. Wannan kisa ya girgiza ƙasar baki ɗaya. Gwamnati ta rufe ofisoshin ƙungiyoyin magoya baya na wasu watanni, majalisa kuma ta ɗaga iyakar hukuncin tayar da rikici a harkar wasanni daga wata shida zuwa shekara biyar a gidan yari. A cikin wannan yanayi aka shirya wasan ƙarshe, kuma duk matakin da na bi kafin na zauna a kujerata yana ɗauke da alamar wannan tsoro.

Mataki na farko shi ne na shaida. Tikitin ƙwallo a Girka yana fitowa ne da sunan mutum, ba takarda ce da za ka saya ka miƙa wa duk wanda ka ga dama ba, kuma a 2022 ana ɗaure shi ne da lambar da ake kira AMKA, wato lambar inshorar zamantakewa mai alƙaluma 11 wadda shida na farkonta ranar haihuwar mai ita ne. Da ita ake ganin likita, da ita ake ɗaukar ma'aikaci, da ita kuma ake yin rajistar ɗan kallo a shafin sayar da tikiti. Ni ina da tawa tun lokacin da na samu izinin zama da aiki, amma a nan ne baƙo kan gamu da abin da ɗan ƙasa bai san da shi ba: Girkawa suna da haruffansu, sunayenmu kuma a fasfo da haruffan boko suke, don haka dole ne yadda ka rubuta sunanka a rajista ya dace da yadda yake a takardar da za ka nuna a bakin ƙofa, harafi da harafi. Na zauna na gwada izinin zamana da fasfona da takardar lambar tawa, na tabbatar babu saɓani ko a wuri ɗaya, sannan na cike rajistar. Na san 'yan'uwa baƙi da wannan ƙaramin saɓani ya hana su abubuwan da suka fi kallon ƙwallo muhimmanci, shi ya sa ban ɗauke shi da wasa ba.

Mataki na biyu shi ne na jira, kuma shi ne ya fi cin rai. Ƙungiya takan fara da masu tikitin shekara, waɗanda suka biya kuɗin dukan kakar wasa tun daga farkonta, kuma a ganina wannan adalci ne, domin su ne suka zauna cikin sanyi da ruwan sama a shekarun da ƙungiyar ke fama da bashi, aka rage mata maki, aka hana ta shiga gasar Turai. Dattijon ya samu nasa a wannan zagaye ba tare da wahala ba. Ni da ba ni da tikitin shekara sai na jira abin da ya rage, kuma a ranar da aka buɗe wa sauran jama'a na zauna gaban kwamfuta tun kafin lokaci, da katin banki a hannu da lambata a rubuce a gefe. Jerin gwanon na intanet ne, ba ka ganin waɗanda ke gabanka, sai dai kana kallon sassan filin suna canja launi ɗaya bayan ɗaya alamar an cinye su. Dattijon ya riga ya ja mini kunne cewa kada in nemi kujera a bayan raga, inda 'yan Ƙofa ta 13 suke taruwa, wato tsohuwar ƙungiyar magoya bayan da aka kafa tun 1966 ta kuma ɗauki sunanta daga ƙofar da suke shiga a tsohon filin. Na zaɓi kujera a gefen fili, a bene na sama, kusa da sashen da ya samu, ko da yake ta fi tsada. Da saƙon tabbatarwa ya shigo, na buga tikitin a takarda na kuma ajiye kwafinsa a waya.

Mataki na uku ba a rubuce yake a ko'ina ba, daga baki ake koyon sa. Kada ka sa koriyar riga ko ka rataya gyalen ƙungiya tun daga gida; ka naɗe shi cikin aljihu sai ka isa inda mutanenka suka yi yawa. Kada ka sa baƙi da fari a haɗe, domin launin PAOK ne. Kada ka ɗauki jaka, ko kwalba, ko laita, ko tarin tsabar kuɗi, domin za a ƙwace su. Ka riƙe ainihin takardar shaidarka, ba hotonta ba. Idan wani da ba ka sani ba ya tambaye ka ƙungiyarka a hanya, ka ce ba ka kallon ƙwallo. Wannan na ƙarshe dattijon ya faɗe shi yana kallon idona, kuma bayan abin da ya faru a watan Fabrairu babu wanda ke buƙatar a yi masa bayanin dalili.

Ranar Asabar 21 ga Mayu muka haɗu a tashar jirgin ƙasa ta unguwarmu da tsakar rana ta ɗan gota, ko da yake sai da yamma liƙis za a take wasa. Layin jirgin shi ne mafi tsufa a birnin, wanda ya taso daga tashar jiragen ruwa ta Piraeus ya nufi Kifisia a arewa, kuma yana bi ta gefen filin Olamfik da ke Marousi, inda za a buga wasan. A tashoshin farko mutane sun yi tsit, kowa da rigarsa ta yau da kullum, amma da muka wuce Nea Ionia sai gyaluluwa suka fara fitowa daga aljihu, wani ya ɗaga murya da waƙa daga ƙarshen tarago, sauran suka amsa suna bugun rufi da tafin hannu. A lokacin da muka sauka, taragon gaba ɗaya ya koma kore. Su kuwa mutanen PAOK ba mu gan su ba ko sau ɗaya a hanya. Tafiyar kusan kilomita 500 suka yi daga arewa cikin jerin motocin safa, 'yan sanda suna tsayar da su suna bincike a wuraren biyan kuɗin hanya, sannan suka rako su har wata ƙofar da ke can ɗaya gefen filin. An tsara komai ne domin kada ɗan kore da ɗan baƙi-da-fari su haɗa ido sai a cikin fili, da tazarar kujeru dubbai a tsakaninsu.

Daga tashar zuwa kujera shinge uku na ƙetare. A na farko, nesa da ginin, 'yan sanda ne ke duba cewa kana da tikiti kafin su bar ka ka shiga harabar, kuma a nan cunkoso ya fi tsanani domin ana tace taron dubban mutane ta wata 'yar siririyar hanya tsakanin motocin 'yan sandan kwantar da tarzoma, waɗanda ake kira MAT. A na biyu aka gwada sunan da ke tikiti da wanda ke izinin zamana. Jami'in ya daɗe yana duban takardar fiye da yadda ya dubi ta dattijon, abin da na riga na sa rai, amma da ya ga komai ya dace sai ya miƙo mini ya yi mini fatan nasara. Daga nan aka laluba jikina tun daga kafaɗa har idon sawu, aka sa na fitar da duk abin da ke aljihuna. Shinge na uku ƙofar ƙarfe ce mai juyawa wadda ba ta buɗewa sai na'ura ta karanta tikiti. Na sami wani lungu a ƙarƙashin matakala na yi sallar la'asar kafin mu hau sama, domin na san da zarar an zauna fita za ta yi wuya, kuma babu wanda ya ce mini uffan.

Filin kansa abin kallo ne. An buɗe shi a 1982, aka sa masa sunan Spyros Louis, ɗan garin Marousi da ya lashe tseren gudun fanfalaki a gasar Olamfik ta farko ta zamani a 1896, sannan aka ɗora masa rufin ƙarfe mai baka biyu, aikin mai zanen gine-gine Santiago Calatrava, domin gasar Olamfik ta 2004. Yana ɗaukar mutum kusan 70,000, amma a ranar an bar manyan sassa biyu babu kowa, daga ƙasa har sama, sai layin 'yan sanda masu garkuwa. A hannunmu kore ne da tutoci masu ganye uku, alamar ƙungiyar da aka kafa a 1908. A can gefe kuwa baƙi ne da fari da gaggafa mai kai biyu, alamar ƙungiyar da Girkawan da suka baro Istanbul suka kafa a 1926, bayan yaƙi da musayar al'umma tsakanin Girka da Turkiyya sun tumɓuke su daga inda kakanninsu suka rayu. Wanda bai san wannan tarihi ba zai ɗauka gabar ta ƙwallo ce kawai. Mutumin Tasalonika yana ganin cewa mulki da kuɗi da alƙalan wasa duk na Atina ne, cewa arewa kullum ita ake bari a baya, kuma idan ya shigo babban birni da motar safa yana jin kansa wakilin yanki ne guda, ba ɗan kallo kawai ba.

Rikicin ya fara tun kafin 'yan wasa su gama motsa jiki. Daga inda nake na ga wasu gungun matasa sun tsallako daga kujeru zuwa hanyar tsere da ta kewaye filin, sandunan wuta masu jan hayaƙi suka fara tashi daga wannan ɓangare zuwa wancan, 'yan sanda suka shiga tsakani suka harba barkonon tsohuwa. Hayaƙin bai tsaya inda aka harba shi ba. Rufin da ke ƙawata filin ya riƙe shi, iska ta kwaso shi zuwa benen sama inda iyalai da dattawa suke, idanuna suka cika da hawaye, maƙogwarona ya riƙa zafi, na ga wani uba ya tura kan ɗansa cikin rigarsa yana neman hanyar fita. Dattijon ya ce in rufe hanci da baki da gyale, kada in murza ido, kada kuma in ruga zuwa matakala, domin turmutsitsi ya fi hayaƙi kisa. Girkawa ba sa wasa da wannan magana, domin a ranar 8 ga Fabrairun 1981 mutum 21 suka mutu a turereniyar fita ta Ƙofa ta 7 a filin Karaiskakis na Piraeus, gidan Olympiacos, kuma har abokan gabar Olympiacos suna girmama wannan rana. Muka zauna a inda muke har hayaƙin ya lafa. An jinkirta take wasa da kimanin rabin sa'a.

A nan ne tambayar da har yau ban daina juya ta ba ta zo mini. Ni an ƙwace mini ikon shiga da laita da kwalbar ruwa, an gwada sunana harafi da harafi, an laluba ni har idon sawu, to ta wace ƙofa ɗaruruwan sandunan wutar nan suka shigo? Matakan da aka ɗora sun kama mai bin doka sarai, wanda dama ba shi ne abin tsoro ba, amma sun bar waɗanda suka zo da shiri. Ban ce matakan ba su da amfani ba, domin ba don tazarar kujerun nan da rakiyar motocin safa ba, da abin da ya faru a 2017 a birnin Volos ya maimaita kansa, lokacin da magoya bayan PAOK da na AEK suka yi arangama a kan gadar masu tafiya da ƙafa a wajen fili kafin wasan ƙarshe, mutane da dama suka jikkata. Abin da nake cewa shi ne, nauyin tsaron ya fi sauka a kan wanda ba shi da laifi.

Alƙalin wasan baƙo ne, Antonio Mateu Lahoz daga Sifaniya, domin an kai matsayin da manyan ƙungiyoyin ƙasar ba sa yarda da alƙalin gida a irin wannan karawa. Wasan bai yi armashi ba ta fuskar gwaninta. Ivan Jovanović, mai horar da Panathinaikos a lokacin, mutum ne mai son tsari da tsare gida, Răzvan Lucescu na PAOK kuma ya san hanyar cin wannan kofi, saboda haka kowane ɓangare ya fi tsoron kuskure a kan neman bajinta. Bayan an ɗan wuce rabin sa'a da farawa aka ba Panathinaikos bugun fenariti, Aitor Cantalapiedra ɗan Sifaniya ya ajiye ƙwallo ya buga ta shiga. Ihun da ya tashi a ɓangarenmu na ji shi a ƙirjina kafin kunnena, dattijon ya rungume ni yana kuka a fili ba tare da kunya ba. Murnar ba ta daɗe ba. Ana cikinta aka jefo dutse daga wajen 'yan kallo ya sami Aitor a hannu, alƙali ya tsayar da wasa, 'yan wasa suka koma ɗakin sauya kaya, muka zauna lokaci mai tsawo ba mu san ko za a ci gaba ba. Tarihin kofin ya nuna cewa tsoron namu ba na banza ba ne: a 1962 an bar wasan ƙarshe tsakanin Olympiacos da Panathinaikos ba a kammala ba, ba a kuma ba kowa kofin ba a shekarar.

A cikin wannan jira ne dattijon ya gaya mini abin da ya fi tsaya mini a rai. Ya ce a ƙuruciyarsa yakan hau jirgin ƙasa zuwa Tasalonika ya shiga filin Toumba ya kalli ƙungiyarsa a tsakiyar mutanen PAOK, ana zagi ana ba'a, wani lokaci har da jifa, amma ana komawa gida. Tun farkon shekarun 2000 kuwa aka daina barin magoya bayan baƙi su halarci karawar manyan ƙungiyoyi a gasar lig, saboda haka yaran da muke gani a hanyar tseren nan sun girma ba su taɓa zama a fili ɗaya da abokin hamayya ba, sai dai su gan shi a talabijin ko su zage shi a intanet. Wasan ƙarshe na kofi shi ne kaɗai ranar da ake haɗa su. Abin ya yi kama da kishiyoyin da aka raba wa gida shekara ashirin don gudun faɗa, sannan a tara su rana guda a tsakar gida ɗaya a ce su yi girki tare. Na yarda da shi. Raba mutane yana hana jini zuba a wannan mako, amma yana ƙara musu jahiltar juna, kuma duk shekarar da ta wuce haɗa su yana ƙara wuya.

An dawo an ci gaba da wasa. PAOK ta matsa a zagaye na biyu, amma 'yan bayan Panathinaikos da mai tsaron gidanta Alberto Brignoli suka riƙe, aka tashi 1 da nema. Kofi na 19 ke nan ga ƙungiyar a wannan gasa da aka fara a kakar 1931 zuwa 1932. An miƙa shi dare ya yi nisa, ɓangaren baƙi-da-fari ya riga ya fara raguwa domin 'yan sanda suna kwashe su zuwa motocinsu, mu kuwa muka tsaya har 'yan wasa suka zagayo da shi gabanmu. Na yi farin ciki na gaske, kuma ba zan ɓoye ba cewa ganin dattijon yana waƙar ƙungiyarsa da muryar da ta dushe ya biya ni duk wahalar rajista da jira da hayaƙi.

Fita ma mataki ce mai ƙa'idarta. Ba a barin ɓangarorin biyu su fito lokaci ɗaya, kuma hanyar da ka shigo ita za ka bi ka koma. A cikin jirgi ana ta waƙa, amma da muka kusa unguwarmu dattijon ya taɓa kafaɗata, na cire gyalen na mayar da shi aljihu kafin ƙofa ta buɗe, kamar yadda kusan kowa ya yi a tashar da zai sauka. Atina ba ta Panathinaikos kaɗai ba ce, akwai 'yan AEK da 'yan Olympiacos a kowane layi, kuma daren da wani ke murna wani yana jin haushi.

Abin da ya faru a wannan rana ya shafi shekarun da suka biyo baya. A 2023 an daɗe ana neman filin da zai karɓi wasan ƙarshe tsakanin AEK da PAOK, har aka yi maganar kai shi ƙasar waje, daga bisani aka buga shi a Volos ba tare da an sayar wa magoya baya tikiti ba, AEK ta ci 2 da nema. A watan Agustan shekarar aka kashe wani magoyin bayan AEK a unguwar Nea Filadelfeia ta Atina a rikici da 'yan Dinamo Zagreb ta ƙasar Croatia, a watan Disamba kuma wani ɗan sanda ya rasu bayan an harbe shi da sandar wuta a wajen wasan ƙwallon raga tsakanin Olympiacos da Panathinaikos, gwamnati ta rufe filayen gasar lig ga 'yan kallo na wata biyu. Wasan ƙarshe na 2024 ma a Volos aka yi shi babu jama'a, Panathinaikos ta doke Aris da ci 1 da nema a cikin mintunan da alƙali ya ƙara a ƙarshen wasa, ni da dattijon muka kalle shi a talabijin a wani shagon shan gahawa, kofi na 20 ya zo ana jin muryar 'yan wasa suna kiran juna a fili.

Hanyar da na bi a 2022 ita ma ta canja. Tun daga watan Afrilun 2024 tikitin takarda ya daina shigar da mutum filin ƙwallo. Bayan ka saya sai ka shigar da shi cikin manhajar gwamnati ta waya, Gov.gr Wallet, wadda ke tabbatar da ko kai wane ne ta bayananka na hukuma kafin ta ba ka alamar da na'urar ƙofa za ta karanta, an kuma wajabta wa filaye sanya kyamarorin tsaro. Na yi wannan rajistar, na kuma taya dattijon ya yi tasa, domin wayar zamani ba ta cikin abubuwan da ya saba da su. Sai a watan Mayun 2025 aka sake barin jama'ar ɓangarori biyu suka shiga wasan ƙarshe a filin Olamfik, lokacin da mutanen OFI suka ƙetaro teku daga tsibirin Kirit suka zauna a fili ɗaya da na Olympiacos, wadda ta ci wasan 2 da nema.